Miyar Da Ba A Sha Ranar Gasa

Shekara talatin da ɗaya Tak Mal-sun ta yi tana guga a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Shagonta na wanki da guga yana ƙasan wani bene a bayan kasuwar kifi ta Mokpo, makarantar tekwando, wasan naushi da shuri, kuma tana samanta daidai, saboda haka daga ƙarfe uku na rana har faɗuwar rana rufin shagon amsawa yake yi dim, dim, dim, rigunan da ke rataye suna rawa su kaɗai. Baƙo in ya shigo yakan ɗaga kai a tsorace. Ita ko a jikinta.

Duk farar rigar da ake sawa a makarantar nan ta hannunta take bi. Ita ke kalmashe ƙafar wando idan uwa ta sayo wa ɗanta mai tsawo don ya daɗe, ita ke warware kalmasar bayan shekara. Malam Bong, wanda yake riƙe da makarantar yanzu, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ta san shi tun yana ɗan shekara bakwai, har ta taɓa wanke masa wando ranar da tsoron gwajin ɗamara, wato jarrabawar hawa mataki a wasan, ya sa ya jiƙa shi. Shi ya sa kowa yake ce masa Malam, shi kuma yake ce mata Goggo yana sunkuyar da kai.

Ita ce ta biyar a wurin uwarta, kuma duka biyar ɗin mata. Kakarta ta wajen uba ce ta raɗa mata Mal-sun, wato mace ta ƙarshe, kuma cikin fushi ta raɗa shi. Duk mai jego miyar ganyen teku ake dafa mata, wadda ake kira miyok, ta yi ta sha har jikinta ya dawo. To, tsohuwar nan ta ce wadda ta jera mata biyar ba ta ci a dafa mata komai ba. Rana ta uku da haihuwa uwar Mal-sun ta miƙe tana dafa bango, ta gangara bakin ruwa a tsibirinsu na Wando, ta tsinko ganyen da hannunta, ta dafa wa kanta. Tun daga nan ba ta taɓa bari ranar haihuwar Mal-sun ta wuce ba ta dafa mata miyar ba. Kowane gida ana yin haka, don ɗa ya tuna wahalar da aka sha a kansa, amma nata ya wuce al'ada. Shekarar da Mal-sun take aikin masana'antar takalma a Busan, uwar nan mota ta shiga da tukunya a cinya, tafiyar wuni guda.

Yanzu Umma, haka Mal-sun take kiranta, tana da shekara tamanin da bakwai, suna zaune su biyu a ɗakunan bayan shago. Mijin Mal-sun ya rasu shekara tara da suka wuce, ɗanta guda yana Incheon, sai waya ranar biki. Shekara biyu ke nan kan Umma ya fara yoyo. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone, dole Mal-sun ta riƙa rufe gas in za ta fita. In za ta kira 'yarta sai ta bi sunayen yayyenta ɗaya bayan ɗaya kafin ta iso kan nata. Likita ya ce haka abin yake, sababbin abubuwa ke fara tafiya, tsofaffi su bi baya a hankali. Mal-sun ba ta gane rabin bayaninsa ba, sai ta yi wa kanta ma'auni: muddin miyar nan tana zuwa ranar haihuwarta, to Umma tana nan. Bara ta zo.

Ranar da ta tsinci takalmin Umma a cikin tukunyar shinkafa ne ta ji tana son ta kurma ihu. Ta duba ta rasa inda za ta yi. In ta yi a shago 'yan kifi su ji, in ta yi a gida Umma ta firgita. Sai rufi ya amsa dim, wani ya kwarma ihu a sama, ta tuna ashe ga wurin da mutane suke biya a bar su su yi ihu, a saman kanta, shekara da shekaru. Ta zaro wata farar riga da mai ita bai dawo karɓa ba, ta hau bene, ta shiga ajin mata na safe.

Kullum in ta sa kayan za ta hau, Umma takan dube ta sama da ƙasa, don a al'adarsu farare kayan makoki ne.

"Wa ya rasu kika sa farare?"

"Ba wanda ya rasu, Umma. Sama za ni, wurin Bong."

"Me za ki yi a sama?"

"Motsa jiki."

"Guga bai ishe ki motsa jiki ba?"

Gobe ma haka, jibi ma haka, kamar ba a taɓa yi ba.

Maganar gasa kuwa ba ita ta nema ba. Pyo Ae-ja ce, mai sayar da wainar shinkafa a bakin kasuwa, ƙawarta a ajin, wadda ta girme ta da shekara guda kuma ba ta bari a manta. Ita ta rubuta sunayensu su biyu a gasar gari, rukunin mata 'yan sama da hamsin, ba ta ko tambaye ta ba. Bayan kwana huɗu sai ga Ae-ja tana ɗingishi, wai gwiwarta ta tashi.

"Yaya, jiya na gan ki kina bin motar kifi a guje," in ji Mal-sun.

"To ai gudun ne ya tayar da ita. Ke dai ki shiga ki fitar da mu kunya, ni zan zauna miki da Umma ranar."

Haka aka bar ta da sati shida na shiri, ba ta san gabas ba ta san yamma ba. Shurin iska ta iya, shekara ɗaya da rabi tana yi, har ta kai jar ɗamara. Shurin mutum ne ba ta taɓa yi ba. Ranar farko da aka ɗaura mata sulken ƙirji ta ji kamar an sa ta a cikin akwati, hular kariya ta toshe mata kunne, robar haƙori ta hana ta haɗiye yawu. Malam Bong yana magana tana ganin bakinsa yana motsi kawai. Da ƙyar ta samu ƙafarta ta taɓa sulken abokiyar karawarta, sai ta tsaya cak, ta rusuna.

"Yi haƙuri, ban ji miki ciwo ba ko?"

"Goggo!" Malam Bong ya dafe kai. "Maki biyu kika ci, ba kwano kika fasa mata ba. Ci gaba!"

Ta ci gaba, ta sake taɓawa, ta sake rusunawa. Jikin da ya shekara talatin yana sunkuya wa masu kawo wanki ba ya daina sunkuyo a sati guda.

Shawara kuwa ta sha ta har ta gundure ta. Malam Bong ya ce kada ta ja da baya. Ae-ja daga kan benci tana cewa ta ja da baya mana, so take a kashe ta? Malam ya ce ta dubi ƙirjin abokiyar karawa, ba ƙafarta ba. Ita kuwa idonta ba ya zuwa ƙirji ba ya zuwa ƙafa, kan bakin wando yake sauka, tana duba ko kalmasar ta tafi daidai, kafin ta gama dubawa shuri ya same ta a haƙarƙari. Wata rana don ta burge ta sa wa kayanta sitaci ta goge su suka tsaya kamar kwali, ta zo ɗaga ƙafa wando ya ƙi. Aka ce kuma sai ta sauke kusan kilo guda kafin awon nauyi, ita da take ganin in ba ta ci shinkafa sau uku ba ranar ba ta yi ba. A cikin dokokin da aka yi ta karanta mata guda ɗaya ce ta zauna mata daram: duk wanda ya faɗi ƙasa, ko zamewa ya yi da kansa, an ba abokin karawarsa maki.

Ta gaya wa Umma sau ɗaya, suna cin abincin rana.

"Umma, ranar ashirin ga wata zan shiga gasa."

"Gasar me?"

"Ta shuri. Ni da wata mata, a gaban jama'a."

"Me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba, ban ma san ta ba."

Umma ta tauna kabejinta ta haɗiye. "Da furfurarki," ta ce, ta ci gaba da cin abinci. Washegari ta tambaye ta wa ya rasu.

Saura kwana goma Mal-sun ta ɗauki biro ta je ga babbar kalandar da ƙungiyar masunta take rabawa, wadda ke rataye a kicin, don ta zagaye ranar. Asabar, ashirin ga Afrilu. Ta zagaye babbar lambar, sai idonta ya sauka kan 'yar ƙaramar da ke ƙarƙashinta, ta lissafin wata: sha biyu ga watan uku, ranar haihuwarta. Biron ya tsaya a hannunta. Takardar gasa da lissafin rana aka rubuta ta, ita kuwa kamar duk sa'o'inta da lissafin wata ake ƙirga haihuwarta, shekara-shekara tana yawo a kan kalanda. Sati biyar tana faɗin ashirin ga wata, ko sau ɗaya ba ta duba ƙasa ba.

Ko yaron goye ya san ba a shan miyok ranar jarrabawa ko ranar gasa. Ganye ne mai santsi, wanda ya sha zamewa zai yi. Abu mai danƙo ake ci ranar, don sa'a ta manne.

Ta hau sama ta gaya wa Malam Bong. Ya yi dariya, irin ta wanda ya yi jami'a.

"Haba Goggo, camfi ne. Ina ruwan abin da ke ciki da tafin ƙafa?" Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya rage murya. "Amma dai kada ki sha. Ina ɗan sha tara na sha, ranar zaɓen 'yan wasan lardi. Sau biyu na zauna a ƙasa, ba wanda ya taɓa ni."

Ae-ja kuwa dabaru ta zo da su buhu guda. Ta tsince naman kawai ta bar ganyen. Ta guntsa ta riƙe a baki, in ta fita ta tofar. Ta sha, sannan ta bi da waina mai danƙo guda biyar, ɗaya ya kashe ɗaya.

"Yaya, awon nauyi fa?"

"Af. To ki cire kalandar mana. Ki ce mata Lahadi ce ranar. Ina za ta sani?"

Mal-sun ta ajiye dutsen guga da ƙarfi. "Uwata ce fa kike magana a kai."

"Na ce ba uwarki ba ce? Kwana ɗaya ne kawai, ba satar ta za ki yi ba."

Ta yi fushi sosai, ba ta ko raka ta bakin ƙofa ba. Amma magana in ta shiga kunne ba ta neman izinin zama. Kwana biyu tana juya ta. Ta wahala sati biyar, ƙwaurinta duk shaida, tana so ko sau ɗaya a rayuwarta ta tsaya a gaban mutane ba don karɓar wanki ba, kuma ba ta son ta zauna a ƙasa ana kallo. Ranar Talata da rana, Umma tana gyangyaɗi, ta cire kalandar ta tura bayan firji. Ta koma shago ta ƙona wuyan rigar wani, abin da rabonta da yi tun tana sabuwar hannu. Da ta leƙo kicin da la'asar ta tarar da Umma a tsaye gaban bangon, tana kallon ƙusar, tana shafa wurin da hannu. Kunya ta kama Mal-sun, irin wadda take sa mutum ya ji ƙyamar hannunsa. Ta zaro kalandar ta kakkaɓe ta mayar.

A nan ta yanke. Za ta sha, kwano cike, in ya so ta zame tun daga ƙofar gida har filin gasa. Ranar Juma'a bayan awon nauyi, wanda ta tsallake da ƙyar, ta sayo busasshen ganye mai kyau na Wando da naman sa, ta ajiye ganyen a kan tebur inda ido ba zai kauce masa ba, ta bar gas a buɗe.

Asabar da safe ta farka tana baza hanci. Shekara hamsin da biyar ƙamshin man riɗi da nama ke tashinta a wannan rana. Ba ta ji komai ba. Ta fito. Ganyen yana kan tebur a cikin ledarsa, yadda ta ajiye shi. Umma tana zaune gaban talabijin, ta zuba mata shinkafa da kabeji kawai. Shinkafar ma mai danƙo ce, tana kama cokali. Mal-sun ta dubi kwanon ta rasa gane ko da gangan ne ko kuskure, don sau biyu a watan jiya Umma ta rikita buhunan shinkafar.

"Umma, yau wace rana ce?"

"Asabar mana. Ci ki tafi, kin tsaya kina kallona."

"Ba wani abu kuma?"

"Wani abu kamar me?"

Ta ci abin da ta iya. Ae-ja ta iso da ɗingishinta, Mal-sun ta ɗauki jaka ta fita. Duk kwanakin nan tana ta fama da yadda za ta yi da miya, ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta cewa miyar ba za ta zo ba. A tashar bas ta zauna ta yi kuka, mace mai shekara hamsin da shida cif a ranar, da hular kariya a cinya. Ta ce a ranta shi ke nan, Umma ta tafi, sauran jiki ne kawai.

Abin da ya faru a zauren wasannin gari a guntu-guntu take tuna shi. Su huɗu ne kacal a rukuninsu. Aka haɗa ta da wata manomiyar lambu daga Naju, gajera mai faɗin kafaɗa. Suna jiran kira suka tambayi juna shekaru, kamar yadda ya kamata, ta tarar matar ta girme ta da biyu.

"Yaya, ki yafe min tun yanzu," in ji Mal-sun.

"Ke ma haka, ƙanwata. Ni dai kada ki taɓa min gwiwar hagu."

Aka juya mata sulke zuwa gefensa mai shuɗi, alƙalin wasa ya sauke hannu. Ba ta ji Malam Bong ba, ba ta ga allon maki ba. Matar Naju tana ta zuba mata shuri kamar mai kakkaɓe katifa. A zagaye na biyu wani abu ya taso mata daga ciki, ba na matar ba ne, na ledar ganyen nan ne da ke kan tebur, ta kurma ihun da ya sa alƙali ya waiwaya, ƙafarta ta sauka a sulken matar, fam! Ba ta rusuna ba. Ta ɗaga ƙafa za ta ƙara, ɗayar ta taka gumi a kan tabarmar roba, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa. Aka tashi matar Naju tara, ita biyu.

Ta rusuna wa matar, ta rusuna wa alƙali, ta ja ƙafa zuwa gefen zaure ta zauna a ƙasa tana kwance igiyar sulke. Sai ta ji ana jero sunayen yayyenta daga bayanta, ɗaya bayan ɗaya, har aka iso kan nata.

Umma ce, cikin rigarta ta zuwa biki, Ae-ja tana riƙe da hannunta, ɗingishin ya warke. A ɗaya hannun Umma ga fulas naɗe cikin ƙyalle.

"Ba ki sha ba ma kin zame," in ji Umma. "Da na sani ai da na ba ki tun safe, na huta da ɗauko ta."

Mal-sun ta buɗe baki, robar haƙori ta faɗo mata a cinya. "Umma, kin tuna?"

"Na tuna me? Ni na haife ki ko ke kika haife ni? Kin taɓa jin an ba mai shiga gasa miyok da safe? Kin ɗauka na zare ne? Na dafa miki shinkafa mai danƙo, kika bar rabi. Ga abin da ya jawo nan."

"Kina shan kwana ta miƙe ta jiƙa ganyen," in ji Ae-ja. "Sau huɗu tana tambayata 'yar gidan wa ce ni, amma ko murfin tukunyar ba ta bari na taɓa ba. Tasi ma ita ta ce a kira."

Umma ta durƙusa da ƙyar, ta kwance ƙyallen, ta zuba miyar a murfin fulas, tururi yana tashi. Mal-sun ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa. Ganyen ya yi laushi yadda ya saba, naman ya dahu, man riɗi ya ji. Gishiri ne babu, ko ƙwaya ɗaya.

"Ya ji gishiri?"

"Ya ji, Umma."

Ta shanye, ta miƙa murfin aka ƙara mata, ta shanye wannan ma, hawaye suna gangarowa ta cikin hular da ta manta ba ta cire ba. Umma ta zauna kusa da ita tana kallon zauren, mutane ɗari-ɗari suna kai da kawowa, kowa cikin farare. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta kama hannun rigar 'yarta, ta murza shi tsakanin yatsunta, fuskarta ta canza.

"Mal-sun, wa ya rasu?"

Mal-sun ta ajiye murfin, ta riƙe hannun.

"Ba wanda ya rasu, Umma. Kowa yana nan."